Félix Houphouët-Boigny: likitan da ya koma gona, ya bar wa Kwaddibuwa makarantun injiniyoyi

Sunan Félix Houphouët-Boigny ba baƙo ba ne ga mazaunin Abijan. Yana kan gadar da ta haɗa Plateau da Treichville, yana kan filin jirgin sama, yana kan jami'ar Cocody. Yana kuma kan babbar makarantar injiniyoyi ta Yamusukro, wadda ake kira INP-HB, inda iyaye da dama ke burin ganin 'ya'yansu in sun ci jarrabawar BAC. Mutumin ya rasu tun 1993. Yawancin matasanmu na Adjamé da Treichville an haife su bayan rasuwarsa, sunan kawai suka tarar. Tarihinsa yana da faɗi, amma akwai zare guda da ya ratsa shi tun daga ƙuruciya har tsufa: wa zai riƙe ilimin sarrafa dukiyar ƙasa, ɗan ƙasa ko baƙon da ya zo daga ƙetaren teku? Abin da ya yi a kan wannan tambaya, da inda ya gaza, ya shafi duk gidan da ke da yaro mai shirin zaɓen fannin karatu.

Ɗan sarauta a makarantar Bature

Takardun hukuma sun ce an haife shi ranar 18 ga Oktoba 1905 a Yamusukro, wadda a lokacin ƙauye ce a tsakiyar ƙasar Baule. Sunansa na yanka Dia Houphouët. Danginsa su ke riƙe da sarautar Akouè, wani reshe na Baule, kuma a al'adarsu gado ta wajen uwa yake bi. Da aka kashe kawunsa Kouassi N'Go a 1910, sarauta ta faɗo kan yaron da bai kai hankali ba, sai aka naɗa mai riƙon ƙwarya.

Turawan mulkin mallaka na Faransa sun saba ɗiban 'ya'yan sarakuna su kai makaranta, kamar yadda suka yi a Damagaram da sauran garuruwan Nijar. Haka aka yi da Dia. Ya fara karatu a Bonzi kusa da garinsu, a 1915 aka wuce da shi Bingerville, inda ya karɓi addinin Kirista na ɗarikar Katolika ya ɗauki sunan Félix. A 1919 ya shiga makarantar William Ponty da ke tsibirin Gorée a Senegal, wadda ke horar da malamai da akawuna ga duk yankin Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Wannan makaranta ce daga baya ta yaye Hamani Diori na Nijar da Modibo Keita na Mali. Daga nan ya shiga makarantar likitoci ta Dakar a 1921, ya fito a 1925 shi ne na ɗaya a ajinsu.

Likitan da aka yi wa iyaka

Duk da wannan ƙoƙari, takardar da aka ba shi ba ta cikakken likita ba ce. Makarantar Dakar an kafa ta ne don yaye mataimaka, waɗanda za su yi aiki ƙarƙashin likitan Bature komai gwanintarsu. Ba ƙwaƙwalwa ce ta yi masa iyaka ba, tsari ne. Haka abin yake a kowane fanni: baƙar fata na iya zama bakanike a tashar jirgin ƙasa, amma injiniyan da ke zana gada daga Faransa za a kawo shi, yana iya zama akawu a kanti, amma mai yanke farashi Bature ne.

Ya fara aiki a asibitin Abijan a 1925. Bai daɗe ba ya haɗa kan ma'aikatan lafiya 'yan ƙasa cikin ƙungiya, abin da bai yi wa hukuma daɗi ba, sai aka tura shi Guiglo can yamma cikin daji a 1927. A 1929 aka mayar da shi Abengourou, ƙasar koko. A nan ya ga yadda kamfanonin Turawa ke sayen amfanin manoma da arha, su ke da sikeli, su ke da farashi, su ke da jirgin ruwa. A 1932 ya mara wa manoman baya suka ƙi sayar da kokonsu, har ya rubuta maƙala a jarida da sunan aro yana tona cutar da ake yi musu. Ya yi aiki kuma a Dimbokro da Toumodi. Da ƙanensa da ke kan sarauta ya rasu a 1939, sai ya ajiye aikin asibiti ya koma gida ya karɓi sarautar Akouè. Tare da sarautar ya gaji gonaki, ya faɗaɗa su, har ya zama ɗaya daga cikin manyan manoman koko da kofi baƙar fata a ƙasar.

Ƙungiyar manoma

Lokacin yaƙin duniya na biyu, wariyar ta ƙara fitowa fili. Manomi Bature ana sayen kokonsa da tsada fiye da na baƙar fata, ana ba shi tallafi, ana kuma kawo masa leburori na aikin tilas. Dattawan Nijar sun san wannan aiki na tilas, haka mutanen arewacin Nijeriya da aka kwasa zuwa haƙar kuza a Jos a zamanin ɗiban gwamna. A Kwaddibuwa yawancin waɗanda ake kamowa Mosawa ne da mutanen arewa, domin daga 1932 zuwa 1947 babban ɓangaren ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau yana haɗe da Kwaddibuwa.

A 1944 Houphouët da wasu manyan manoma suka kafa ƙungiyar manoman Afirka, Syndicat agricole africain, gwamna André Latrille kuma bai hana su ba. Abin lura a nan shi ne ƙungiyar ba ta tsaya kan kuka ba, ta shiga tsara aiki. Ta tattara amfanin mambobinta tana sayarwa a dunƙule kai tsaye ga masu fitarwa waje, ta rage cin dillalai. Ta je ta yi magana da sarakunan arewa, irin su Moro Naba na Wagadugu da Gbon Coulibaly na Korhogo, don samun ma'aikatan da za su zo da son ransu a biya su lada mai kyau ko a raba amfani da su. Da haka ta nuna cewa gona na iya cin riba ba tare da bulala ba. Wannan shi ne darasinsa na farko a fannin gudanarwa: wanda ya iya lissafin kuɗin aiki, ya san hanyar kaya daga gona zuwa bakin teku, shi ke da iko.

Treichville, 1946

A ƙarshen 1945 aka zaɓe shi wakili a majalisar tsara tsarin mulki ta Faransa a Faris. A lokacin ne ya ƙara Boigny a sunansa, kalmar da ke nufin rago a harshen Baule. Ranar 11 ga Afrilu 1946 aka sa hannu kan dokar da ta haramta aikin tilas a dukan ƙasashen da Faransa ke mallaka, dokar da har yau ake kira da sunansa. Albarkarta ta kai har Tawa da Maraɗi da Damagaram, ba Kwaddibuwa kaɗai ba.

Kwana biyu kafin nan, ranar 9 ga Afrilu, an kafa jam'iyyarsa ta PDCI a gidan taro na Étoile du Sud da ke Treichville. Zaɓen wurin ba haɗari ba ne. Turawa sun keɓe wa kansu Plateau, suka bar wa baƙar fata Adjamé a arewa da Treichville a kudu, a ƙetaren ruwa. Akawu da ɗan dako da ɗan kasuwa, Baule da Jula da Mosi da Bahaushe, duk a nan suke cuɗanya. A watan Oktoba na shekarar aka kafa babbar jam'iyyar RDA a Bamako, Houphouët ya zama shugabanta, jam'iyyar PPN ta su Diori kuma ta zama reshenta a Nijar.

A cikin wannan shekara mai cike da siyasa ya yi wani abu da ba a cika ambata ba. Ya matsa aka tattara yara 'yan makaranta kusan 150, maza da 'yan mata kaɗan, aka sa su jirgin ruwa a watan Oktoba 1946 zuwa Faransa don su yi cikakken karatun sakandare da na jami'a. Turawan da ke zaune a ƙasar ba su so ba. Jirgin sunansa L'Aventure, shi ya sa ake kiran tafiyar Aventure 46. Daga cikin yaran nan aka samu likitoci, lauyoyi, injiniyoyi da malaman da suka riƙe ƙasar bayan samun 'yanci. Mutumin da aka hana cikakkiyar takarda ya tabbatar an buɗe wa na bayansa ƙofar.

Shekarun da suka biyo baya sun yi zafi. Saboda ƙawancen RDA da 'yan kwaminis na Faransa, hukuma ta sa jam'iyyar a gaba. Bayan wata hatsaniya a Treichville ranar 6 ga Fabrairu 1949, aka kama shugabannin PDCI 8, cikinsu har da marubuci Bernard Dadié, aka tsare su a Grand-Bassam. A watan Disamba mata suka yi tattaki daga Abijan zuwa can suna neman a sake su. A Janairun 1950 aka harbe mutane a Dimbokro. Ganin jini ya fara yawa, sai Houphouët ya raba gari da 'yan kwaminis a ƙarshen 1950, ya zaɓi sulhu da Faransa. Wasu sun kira abin hikima, wasu sun kira shi ja da baya. Ko ma dai yaya ne, a kan wannan turba ya tsaya har ƙarshen rayuwarsa. Ya zama magajin garin Abijan a 1956, ya kuma riƙe muƙamin minista a gwamnatocin Faransa daga 1956 zuwa 1959.

Tashar ruwa, gada, da jirgin da bai kai Nijar ba

A waɗannan shekaru Abijan ta sauya kama. An buɗe mashigin Vridi a 1950, manyan jirage suka fara shigowa cikin tafkin Ébrié, aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa a 1951. A 1957 aka kammala gadar da ta maye gurbin tsohuwa mai shawagi a kan ruwa, motoci a sama, jirgin ƙasa a ƙasa. Layin dogon da aka fara tun 1904 ya isa Wagadugu a 1954. Sunansa Abijan-Nijar, amma har yau bai taka ƙasar Nijar ba.

Jirgin bai je ba, mutanen Nijar su suka zo. Matasa daga Adar, Arewa, Gobir da Zabarma suka riƙa kwararowa ci-rani, wasu dako a tashar ruwa, wasu talla, wasu fataucin goro daga Anyama, wasu shanu da albasa daga arewa. Fim ɗin Jean Rouch mai suna Moi, un noir, wanda ya fito a 1958, a Treichville aka ɗauke shi, kuma rayuwar irin waɗannan 'yan ci-rani ya nuna. Jaruminsa Oumarou Ganda ɗan dako ne a tashar, kafin ya koma Yamai ya zama fitaccen mai shirya fim. Kakannin da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi a wannan zamani suka sauka. Ƙarfinsu ya ɗauki buhunan, amma injinan ɗaga kaya da littattafan lissafin tashar suna hannun wasu.

A watan Afrilu 1957, wata guda bayan Gana ta samu 'yanci, Kwame Nkrumah ya ziyarci Abijan. Shugabannin biyu suka yi wata irin caca a bainar jama'a: kowa ya bi hanyarsa, a dawo bayan shekara 10 a ga wanda ya fi ci gaba. Nkrumah ya zaɓi yanke igiya da Turawa da gina masana'antun gwamnati cikin hanzari. Houphouët ya zaɓi noma tukuna, da jarin Faransa da ƙwararrunta, har zuwa ranar da 'yan ƙasa za su iya karɓa. Kafin wa'adin ya cika sojoji sun kifar da Nkrumah a 1966. A 1959 kuma ya jagoranci kafa Conseil de l'Entente tare da Nijar, Haute-Volta da Dahomey. Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, Kwaddibuwa ranar 7 ga watan.

Shekarun yalwa, da tambayar da ta rage

Kusan shekara 20 bayan 'yanci tattalin arzikin ƙasar yana ƙaruwa da kimanin kashi 7 cikin 100 a kowace shekara. A ƙarshen shekarun 1970 Kwaddibuwa ta wuce Gana ta zama ta ɗaya a duniya wajen noman koko. Hukumar daidaita farashi, wadda aka sani da Caistab, tana yanke wa manomi farashi, ta sayar a kasuwar duniya, rarar ta shiga baitulmali. Da wannan rara da bashi aka gina madatsun ruwa na Kossou, Taabo da Buyo, aka buɗe tashar ruwa ta biyu a San Pedro, matatar mai ta SIR ta fara aiki a Vridi a 1965, aka kafa masaƙu a Dimbokro da Agboville ban da tsohuwar ta Gonfreville a Bouaké, unguwannin masana'antu suka tashi a Vridi, Koumassi da Yopougon.

Amma wa ke tafiyar da su? Yawan Faransawa a ƙasar bai ragu ba bayan 'yanci, ƙaruwa ya yi, har ya kai dubbai goma-goma a ƙarshen shekarun 1970. Su ne daraktocin fasaha, su ne masu ba ministoci shawara, su ne malaman lissafi a makarantun sakandare. Albashinsu da ribar kamfanoninsu suna komawa gida. Houphouët ya san cewa wannan aron hannu ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Amsarsa ita ce makaranta.

Makarantun Yamusukro

Gwamnatinsa ta ware wa ilimi kaso mai tsoka na kasafin kuɗi, ta kuma fifita albashin malamai a kan na sauran ma'aikata na tsawon shekaru. Jami'ar Abijan ta tsaya da ƙafarta a 1964. Amma hankalinsa ya fi karkata ga manyan makarantun sana'a irin na Faransa, waɗanda ake shiga ta gasar jarrabawa. A farkon shekarun 1960 aka kafa makarantar injiniyoyin gine-gine da hanyoyi, ENSTP. A tsakiyar shekarun aka kafa ta injiniyoyin noma, ENSA. A 1970 aka ware ma'aikatar ilimin fasaha da koyon sana'a ita kaɗai. A 1975 aka kafa INSET, wadda ta haɗa abu biyu da aka saba rabawa: fasahar masana'antu a gefe guda, kasuwanci da gudanar da kamfani a ɗaya gefen, duk a inuwa ɗaya.

Wannan haɗi shi ne abin da ya fi muhimmanci a gadonsa na ilimi. Masana'anta ba ta tsayuwa da mai gyaran inji kaɗai, ba ta kuma tsayuwa da mai riƙe littafin kuɗi kaɗai. Tana bukatar wanda ya san duka biyun: tan nawa na ɗanyen kaya zai shigo a mako, awa nawa inji zai yi kafin a tsayar da shi a duba, ma'aikaci nawa kowane layi ke bukata, nawa kilo ɗaya ya ci kafin ya fita ƙofa, me ya sa ake asarar kaya a tsakanin sito da mota. Wannan shi ake kira injiniyancin masana'antu, ɗan'uwansa kuma shi ne gudanar da harkokin fasaha.

Daga 1979 aka fara kwashe makarantun zuwa Yamusukro, inda aka gina musu harabobi masu girman gaske, da ɗakunan gwaji da na kwanan ɗalibai da filayen wasa. A 1983 aka ayyana garin a matsayin babban birnin ƙasa. Masu suka sun ce ya kai komai garinsu ne, ya kuma nisanta ɗaliban injiniya da masana'antun da ke Abijan, tafiyar fiye da kilomita 200. Magoya bayansa sun ce ya raba su da hayaniyar birni don su yi karatu. Kowane ɓangare na da abin kamawa.

Inda lissafi ya ƙi

Makarantun ba su gama yaye isassun mutane ba guguwa ta taso. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin koko da kofi ya yi tashin gwauron zabo, gwamnati ta kafa kamfanoni barkatai. Mafi shahara shi ne SODESUCRE, wanda ya gina masana'antun sukari 6 a arewa da tsakiyar ƙasar. An saye su a hannun 'yan kwangilar waje da kuɗin da ya zarce ƙima, sukarin da suke fitarwa ya fi na kasuwar duniya tsada, daga baya aka rufe wasu. A 1980 shugaban da kansa ya rusa kamfanonin gwamnati da dama. Darasin a bayyane yake: ana iya sayen inji da bashi, amma ba a sayen idon da zai duba kwangila ya gane an yi coge kafin a sa hannu.

Farashin koko ya faɗi, bashi ya taru. A watan Mayu 1987 Kwaddibuwa ta sanar cewa ba za ta iya ci gaba da biyan bashin waje ba. Houphouët ya koma dabararsa ta Abengourou, ya hana sayar da kokon ƙasar kusan shekara ɗaya da rabi don farashi ya tashi. Wannan karo ba ta yi ba, domin masu saye suna da ajiya, wasu ƙasashe kamar Malesiya kuma sun shigo kasuwar. A 1989 aka rage kuɗin manomi daga sefa 400 zuwa 200 a kilo, wato daga dala 80 zuwa dala 40. A daidai wannan matsi ne ake kammala babbar majami'ar Yamusukro, wadda Fafaroma John Paul na biyu ya keɓe ranar 10 ga Satumba 1990. Shugaban ya ce da kuɗin aljihunsa ya gina ta, amma surutu bai kwanta ba.

Mulkinsa ma ba na sakin fuska ba ne zalla. Jam'iyya ɗaya ce ta yi shekara 30. A 1963 da 1964 an tsare ministoci da 'yan boko da yawa bisa zargin juyin mulki, cikinsu har da irin matasan da shi ya tura karatu, Ernest Boka kuma ya mutu a tsare. Daga baya shugaban ya amsa cewa zargin ƙage ne. A 1970 an murƙushe tawayen Guébié da ƙarfin soja. 'Yan Nijeriya kuma ba su manta ba cewa ya amince da Biyafara a 1968, ya ba Ojukwu mafaka a 1970.

Baƙo da ɗan ƙasa

Ga al'ummarmu, babban abin da ake tuna shi da shi shi ne buɗe ƙofa. Ya ɗauki matsayin cewa gona ta wanda ya noma ta ce, ya bar 'yan Afirka ta Yamma suna zaɓe har zuwa 1990, kuma ƙidayar 1988 ta nuna baƙi sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna ƙasar. Amma ƙofar tana da iyaka. Tun a watan Oktoba 1958 an yi tarzoma a Abijan aka kori dubban 'yan Dahomey da Togo, yawancinsu masu aikin ofis. Da ya kawo shawarar ba 'yan ƙasashen Entente damar zama 'yan ƙasa biyu, 'yan bokon jam'iyyarsa suka ƙi, ya janye a 1966. A 1972 aka gyara dokar zama ɗan ƙasa, haihuwa a ƙasar kaɗai ta daina wadatarwa. A farkon shekarun 1990 aka shigo da katin zama ga baƙi. Wato kasuwa da gona da dako a buɗe suke ga kowa, kujerar ofis da ta injiniya kuwa a kanta ake faɗa. Wannan na cikin dalilan da suka sa gidajen Hausawa da yawa suka riƙe kasuwa suka yi sakaci da boko mai zurfi.

A 1990, bayan zanga-zangar ɗalibai da ma'aikata, ya amince da jam'iyyu da yawa, ya kayar da Laurent Gbagbo a zaɓe, ya naɗa Alassane Ouattara firaminista. Ya rasu ranar 7 ga Disamba 1993 a Yamusukro, bayan shekara 33 a kan mulki. Wata guda bayan haka aka karya darajar sefa da rabi.

Abin da ya bari a hannun masu zaɓen karatu

Ranar 4 ga Satumba 1996 aka haɗe ENSTP, ENSA, INSET da makarantar noma ta Bouaké suka zama INP-HB. A cikinta akwai ESI ta masana'antu, inda ake karanta kanikanci, lantarki da kwamfuta. Akwai ESCAE ta kasuwanci da gudanar da kamfani, har da fannin jigila da tsara zirga-zirgar kaya. Akwai ESTP ta gine-gine, ESMG ta ma'adinai, ESA ta noma. Hanya biyu ce ga mai BAC: ko shekara 3 ya fito babban ma'aikacin fasaha, ko shekara 2 na ajin share fage sannan 3 ya fito injiniya. Ana tace masu shiga sosai, kuma makin lissafi da kimiyya tun daga ajin seconde yana da nauyi, don haka shiri ba a shekarar BAC yake farawa ba. Makarantar tana karɓar ɗalibai daga wasu ƙasashe bisa nasu sharuɗɗan.

Wanda ba zai iya nisa da gida ba, a Treichville kanta akwai ESATIC a kan titin Marseille, wadda aka kafa a 2012, tana ba da digirin farko a fannin sadarwa da kwamfuta da gudanar da harkokinsu. Akwai kuma karatun BTS na shekara 2 a makarantun gwamnati da masu zaman kansu, sai dai a tabbatar hukuma ta amince da makarantar kafin a biya ko dala. Mai takardun Nijar yana da EMIG a Yamai da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. Mai takardun Nijeriya yana da sashen injiniyancin masana'antu a jami'ar Ibadan, ga kuma tsangayoyin injiniya na Zariya da Kano.

Har yau Kwaddibuwa na noma kusan kashi 40 cikin 100 na kokon duniya, mafi yawansa yana fita ɗanye, manyan masana'antun da ke niƙa saura kuma na kamfanonin waje ne. Aikin da Houphouët ya fara bai ƙare ba ke nan. Yaron da ya tashi a rumfar mahaifinsa a Adjamé, ya san buhun albasa nawa ke ruɓewa tsakanin Galmi da Abijan, ya san abin da kwana ɗaya na jinkirin mota ke ci, ya riga ya san tambayoyin da injiniyancin masana'antu ke amsawa. Abin da ya rage masa shi ne lissafin makaranta da takardar shaida. Na iyaye kuwa biyu ne: su gyara wa yara takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa tun suna firamare, ko ta wace ƙasa ce, sannan kada a cire yaro mai kan lissafi daga aji don ya tsare shago.